DARIYAR BAYAN KYAMARA

Shafi na 23

Masu biyo ni har akwatin saƙo kuna cewa na bar ku tsaye a bakin coci, to ga shi nan, ku sarara mini haka. Wanda kuma yau ya fara shigowa, ga inda muke: Baba Jethro tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, shi ne Sajan Kwano na wasan talabijin ɗin nan na da, Gidan Famfo Ɗaya. Matarsa Hadassah ta rasu shekara uku ke nan. Shekara goma sha huɗu kuma ba ya magana da Ishaya, daraktan wasan. Yau Lahadi, washegarin ranar da soja suka miƙa mulki, ana tashi daga sujada sai Scholastica, tsohuwar abokiyar wasansu, ta tare shi da saƙo.

*

"Ishaya ya ce ka je. Kaset ɗin nan yana nan."

Iyakar abin da Scholastica ta faɗa ke nan, ta gyara ɗankwalinta ta wuce.

Baba Jethro bai ko biya gida ya cire kwat ɗin coci ba. To ya biya ya tarar da wa? Ɗaki ne da kwaɗo a Makera, sai kujeru biyu, ɗaya shekara uku ba wanda ya zauna a kai. Deborah, 'yarsu tilo, tana aure a Jos. In ya dafa shinkafa sai ta kwana biyu a tukunya, don ba ya iya auna cin mutum ɗaya har yau.

Da ƙafa ya kama hanyar Trikania, unguwar da Ishaya yake. 'Yan acaɓa suna ta yi masa hon, ko waiwaye.

Ku da ba ku ga zamanin ba, bari in gaya muku. Lokacin da ake ɗaukar Gidan Famfo Ɗaya, ba wata na'urar dariya. Benci biyu Ishaya yake ajiyewa a bayan kyamara, 'yan wasa su zo da matansu da 'yan'uwansu, a raba musu lemon kwalba, su zauna su yi ta dariya ana ɗauka. Duk dariyar da mutanen Kaduna suke ji a akwatinsu, ta waɗannan mutanen ce.

A cikinsu kuwa ba kamar Hadassah.

Tata takan fara da "hik!" kamar shaƙuwa, sannan ta hau sama ta yi ta hawa, ta ƙare da "Wayyo cikina, Yesu!" Ba a taɓa nuna fuskarta ba ko sau ɗaya, amma wata rana a kasuwar Kakuri ta yi dariya, mai tumatir ya saki kwando ya ce, "Madam, ke ce ta cikin talabijin!"

Yana da hotunanta, har da na ranar aure. Amma hoto ba ya dariya. Bayan rasuwarta ya je gidan talabijin ɗin ya roƙa a ba shi ko wasa ɗaya, aka ce ai kaset yana wuya a lokacin, duk an bi ta kansu an ɗauki jawabai da fareti. Wasa sama da ɗari, ba ko ɗaya. Abin da ya fi ci masa rai shi ne, kwanan nan in ya rufe ido yana neman dariyar a kansa, sai ta ƙi zuwa. Ya fara mantawa, kuma tsoron hakan ya fi ƙarfinsa.

*

Ishaya yana zaune a falonsa, bayan shagon gyaran rediyo da bidiyo da yake ci da shi yanzu. Ya rame, gashi duk ya yi fari.

"Sajan," ya ce, ya yunƙura zai tashi.

"Sunana Jethro."

"To. Jethro. Zauna mana."

"Ba zama ya kawo ni ba. Ina yake?"

Ishaya ya jawo wata ledar burodi daga ƙarƙashin kujera, ya kwance ƙulli uku. Baƙin kaset ne na bidiyo, an rubuta a jikinsa da jan biro: Juyin Mulkin Famfo.

Baba Jethro ya karanta rubutun. Bai san sanda ya zauna ba.

"Ka ce ya lalace."

"Na ce."

"A gaban kowa ka tsaya, ka ce inji ya cinye shi."

"Babban na ofis ni na goge shi da hannuna. Amma sai da na kwafe a wannan."

"Shekara goma sha huɗu, Ishaya! Wasan da ban taɓa yin kamarsa ba!"

"Ka yi ihunka in ka gama kallo. Amma ka ji wannan tukuna. Kaset ɗin ya yi fumfuna, zaren ya bushe. Na share iya iyawata. Inji ɗaya gare ni mai lafiya. Ka bari gobe Litinin in aro na biyu, muna kallo muna kwafewa."

"Sa shi."

"In ya tsinke a ciki fa?"

"Na ce ka sa shi! Gobe? Wa ya ba ni gobe? Ita ma gobe muka ce za mu koma asibiti."

Ishaya ya tashi. Sannan ya ja labule ya tare hasken rana, ya tura kaset ɗin cikin inji.

"In ya fara ba tsayawa, ba komawa baya. Zaren ba zai ɗauka ba."

Gilashin ya yi yayyafi, ya yi layi-layi, sai ga tsakar gidan nan ta katako. Famfo ɗaya a tsakiya, layin bokitai har bakin ƙofa.

Aka fara kiɗan soja da gwangwanin madara.

Sai ga Sajan Kwano ya shigo yana fareti shi kaɗai. Jethro ne da ƙuruciyarsa, kwanon sha kife a kai, muciya a hammata, ƙafa ɗaya takalmin soja, ɗaya silifa. A wasan, tsohon kukun bariki ne da yake rantsuwa shi ya ci yaƙi da ludayi.

Ya hau kan turmi, ya gyara murya.

"'Yan'uwana mazauna wannan gida! Ni ne Sajan Kwano nake magana da ku a madadin kaina. Kun dai ga yadda al'amuran famfo suka taɓarɓare. Manyan bokitai suna danne ƙanana. Saboda haka daga yanzu an rushe layi! An dakatar da mai gida! An rufe duk iyakoki, har da ƙofar banɗaki!"

Indo mai ƙosai ta fito da gudu, matsami a hannu.

"Sajan, mijina fa yana ciki!"

"Ya zauna a inda yake har sai an ji sanarwa ta gaba!"

Benci ya fashe da dariya.

Baba Jethro ba kallo yake ba. Ya rufe ido, ya karkato da kunnensa na dama wajen akwatin. Ga ta Sam mai kyamara, ƙasa-ƙasa. Ga ta ƙanwar Scholastica, siririya. Ga wani tsoho yana tari.

Babu "hik".

Ya ce a ransa, ai ba ta saurin farawa. Bari Tisha ya shigo.

Sai ga Tisha, wato Daniel, malamin makarantar da kullum yake rantsuwa zai ba da ransa a kan bin layi. Ya shigo da tabarau a karan hanci, ya zube a gaban turmi, ya miƙa takarda.

"Ranka ya daɗe, wasiƙar taya murna ce. Congratulations, sir! Mun daɗe muna addu'ar zuwanka."

"Tisha, minti biyu ke nan da na hau. Yaushe ka rubuta?"

"Kullum tana aljihuna, ranka ya daɗe. Suna kawai nake canzawa."

"Madalla. Na naɗa ka Kwamishinan Soso da Sabulu."

Dariya ta sake tashi, har wani yana buga benci.

Babu ita.

Baba Jethro ya buɗe ido.

"Ishaya."

"Na'am."

"Ina take?"

Baba Jethro ya nuna shi da yatsa.

"Ka cire ta! Don ka ƙona mini rai ka cire muryarta!"

"Da me zan cire? Kai ma ka san yadda muke ɗauka. Makirfo ɗaya ne rataye a sama, abin da ya shiga ya shiga."

"Ta zo ranar! Tare muka zo! Zanen zumuntar mata na coci ne a jikinta, a bencin gaba ta zauna!"

"Ta zo. A bencin gaba ta zauna."

"To?"

"Ba ta yi dariya ba, Jethro. Tun daga farko har ƙarshe."

"Ƙarya kake! Hadassah? Matar da ko atishawa na yi sai ta riƙe ciki?"

A gilashi, Scholastica ta fito a matsayin Maman Bokiti, ta riƙe ƙugu.

"Sajan, yaushe za ka sakar mana famfo?"

"Nan da wata shida."

"Wane watan za a fara ƙirgawa?"

"An kafa kwamiti zai duba."

"Su wa ke cikin kwamitin?"

"Ni ne, da muciya."

Mutanen benci suna ta shewa, su kuwa tsofaffin nan biyu ba wanda ya ko murmusa.

Ishaya ya ce, "Kai kana kan turmi, kana jin daɗin kanka, ba ka ga komai ba. Ni ina tsaye kusa da ita. Kwalbar lemonta ko buɗewa ba ta yi ba."

"Me kake so ka ce?"

"Ka tuna lokacin? Ka tuna mutane nawa aka ɗauke a kan abin da bai kai wannan ba?"

"Kada ka kawo mini wannan. Tsoronka ne ya kashe wasan, ba kowa ba."

"Na ji tsoro, ban musa ba. Amma da na sa shi a talabijin. Wallahi da na sa shi, don ni ma kaina ya kumbura ranar. Da yamma kun tafi cin abinci, ina ɗakin haɗa hoto, sai ta turo ƙofa."

"Wa?"

"Maman Deborah."

Baba Jethro ya miƙe tsaye.

"Ka kiyaye bakinka. Tana kabari."

"Don tana kabari nake rawar baki. Ta durƙusa, Jethro. Gwiwa biyu, a kan siminti. Ta ce, Ishaya, duk benci suna dariya, ni gawar mijina nake gani a kan turmin nan. Ta ce fuskarsa ce a ciki ba taka ba, shi za su zo ɗauka. Deborah tana aji uku."

"Ƙarya ne..."

"Ta ciro Littafi Mai Tsarki daga jakarta ta sa na dafa. Ba zan nuna shi ba, ba kuma zan gaya maka dalili ba, sai ranar da soja suka koma bariki. Na ce, in ba su koma ba fa? Ta ce to ka mutu da shi a cikinka."

A gilashi Sajan Kwano yana bikin buɗe famfo. An ɗaura zare, ya yanka da wuƙar yanka albasa, ya murɗa kan famfon da alfahari.

Fuuuu. Iska kawai.

Ya sake murɗawa. Ko ɗigo.

Ya juyo ya kalli jama'a, ko kunya babu.

"Wannan aikin gwamnatin da ta shuɗe ne."

Benci ya kusa karyewa don dariya.

Baba Jethro ya koma ya zauna a hankali.

Ishaya ya ci gaba. "Ka kira ni matsoraci a gaban yaran da na koya wa aiki. Ka ce ba ka ƙara taka wurin. Ba Sajan, ba wasa. Wata uku aka rufe mu. Na yi shiru."

Ya ƙara da cewa:

"Ranar jana'izarta na miƙo maka hannu, ka sa naka a aljihu. Na dawo nan na ɗauko ledar nan, na ce yau sai na kai masa. Sai na tuna na dafa Littafi. Jiya ina kallon bikin miƙa mulki, ana gamawa na ce, to Hadassah, kin sake ni."

Jama'a, akwai abin da in ya zo wa mutum, ko kuka ba ya samun hanyar fita.

Abin da ya dawo wa Baba Jethro ba turmi ba ne, ba kyamara ba. Teburin cin abincinsu ne. Shekara goma sha ɗaya, duk sanda aka ambaci talabijin sai ya ajiye cokali ya hau zagin Ishaya: matsoraci, munafuki, ya binne ni da raina. Ita kuwa tana gefe tana tsince ƙashin kifi daga miyarsa, iyakarta ta ce, "Ci abincinka, Baban Deborah."

Ashe tana ji. Ashe kowane zagi a kanta yake sauka.

"Me ya sa ba ta gaya mini ba?" ya ce, ba ma Ishaya yake tambaya ba.

"Da ta gaya maka, da ka yi me?"

Ya san amsar. Da ya je ya ƙwato kaset ɗin ya kai da kansa. Haka yake a lokacin, kai kamar dutse.

"Na zo in ji dariyarta," ya ce. "Shi ke nan abin da na zo nema. Duk duniya kaset ɗaya ya rage, shi ma wanda na sa ta kuka a cikinsa."

Ishaya ya sunkuyar da kai.

Wasan ya zo ƙarshe. Maman Bokiti ta tara matan gida, kowace da tsintsiya, suka yi wa turmi ƙawanya. Tisha ya zaro wata takardar daga aljihu, ya goge sunan Sajan da yawu, ya miƙa mata. Sajan Kwano ya arce yana ihun, "Janyewa ce ta dabara! Ba gudu ba ne!"

Aka ji muryar Ishaya ta ƙuruciya daga gefe: "An gama! Kowa ya huta!"

Ishaya ya miƙa hannu zai kashe inji.

Sai ya tsaya.

Hoton bai ɗauke ba. Ashe Sam bai kashe kyamara ba ranar, ya bar ta tana kallon turmi.

"Ka san da wannan?" in ji Baba Jethro.

"Ban sani ba. Ranar da na kwafe, sa shi na yi na fita tsaron ƙofa. Ban taɓa iya kallonsa ba."

A gilashi, 'yan wasa suna ta kai da kawo. Jethro ya dawo yana haki, ya zauna a kan turmi, ya kama kwanon kansa zai cire.

Kwano ya ƙi.

Baba Jethro ya tuna. Tsumma ya cusa a ciki ranar don kada ya faɗi wajen gudu, ya danna shi har kunne, zufa kuma ta kumbura tsumman.

Ya ja. Ya murɗa. Daniel ya zo ya kama, ya dafa ƙafa a jikin turmi yana ja, Jethro yana ihu, "Kunnena! Daniel, kunnena za ka tafi da shi!"

Scholastica ta ce, "Ba kai ne Kwamishinan Sabulu ba? Kawo sabulu mana!"

Aka kawo ruwan sabulu aka tsiyaya. Kumfa ta gangaro ta rufe masa ido, ya miƙe yana lalube, ya yi karo da famfo, kwanon ya ce ƙwal!

Sai daga bayan kyamara, kusa-kusa, aka ji:

"Hik!"

Baba Jethro ya daskare.

"Hik! Hik!"

Sannan ta ɓalle. Ta hau sama, ta yi ta hawa, irin ta wanda ya daɗe yana riƙe abu a ƙirji har ya fi ƙarfinsa, rabi dariya rabi kuka. Ta cika falon Ishaya har labule.

"Wayyo cikina, Yesu!"

Baba Jethro ya zame daga kujera ya durƙusa a gaban akwatin. Hawaye yana bin gemunsa, bakinsa kuwa a buɗe, dariya yake ko kuka, shi ma bai sani ba.

Ƙirrr.

Ƙarar daga cikin inji ta fito.

Hoton ya karkace, layi ya ratsa shi.

Ishaya ya zabura. "Ya fara cin zare! Bari in kashe, Jethro, in na kashe yanzu zan iya ceto shi!"

Ya kai hannu. Baba Jethro ya cafke wuyan hannun.

"Kada ka taɓa."

"Zai tsinke!"

"Dubi can. Dubi gefen."

Daga gefen dama na gilashin, bakin zane ya shigo. Zanen zumuntar mata. Sannan hannu, da siririn abin hannun nan na azurfa da ya saya mata a Kasuwar Barci. Matar da ba ta taɓa shiga gaban kyamara ba, ga ta tana tahowa wajen mijinta, kafaɗa ta shigo, gefen ɗankwali ya shigo, saura taki ɗaya fuskar ta bayyana.

Ƙirrrrr.

"Jethro, sake ni, don Allah!"

Bai sake ba. Shekara goma sha huɗu bai taɓa hannun mutumin nan ba, yau ya riƙe shi kamar zai karya.

Muryarta ta fito, tana haki saboda dariya:

"Baban Deborah, tsaya mana. Tsaya in..."

Ƙas!

Gilashin ya koma shuɗi.

Shiru. Sai injin da yake ta juyawa a banza, da hayaniyar masu dawowa daga coci a waje.

Ishaya ya ɗauko sukundireba, ya tsaya a kan injin, ya kasa buɗe murfin.

Baba Jethro kuwa yana nan a durƙushe, bai ɗauke ido daga shuɗin gilashin ba. A hankali ya ce:

"Na tsaya, Hadassah. Ina jin ki."